Ɗaliban da Suka Yi wa Marasa Lafiya Numfashi: Kofanhegan, 1952

A ƙasar Hausa mun san shan inna da shanye ƙafa, shi ya sa akan yi mamaki idan aka ji cewa tana kashe mutum ta hanyar hana shi numfashi. Irin wannan ce ta auka wa Kofanhegan, babban birnin Danmak, a shekarar 1952. Asibitin Blegdam, wanda aka keɓe wa cututtuka masu yaɗuwa, yakan karɓi majinyata har 50 a rana, alhali huhun ƙarfe ɗaya tak yake da shi, sai ƙananan na'urori shida da ake ɗaurawa a ƙirji. Cikin mutum 31 na farko da numfashi ya gagara, 27 sun rasu.

Shugaban likitocin asibitin, Henry Lassen, ya nemi shawarar Bjørn Ibsen, likitan da ke sa majinyata barci kafin tiyata. Ibsen ya lura cewa gurɓatacciyar iskar da ya kamata jiki ya fitar ce ke taruwa a jini tana hallaka su. Ranar 27 ga Agusta aka huda maƙogwaron wata yarinya 'yar shekara 12, aka zura bututu, ya riƙa matsa jakar roba da hannu yana tura mata iska. Yarinyar ta rayu.

Sai dai jakar ba ta matsa kanta, kuma a wasu ranakun majinyata kusan 70 ne ke bukatarta dare da rana. Nan aka juya ga ɗalibai. Kimanin 1,500 daga masu koyon likitanci da masu koyon aikin haƙori suka amsa kira, suna karɓa-karɓa na awa shida zuwa takwas, har jimillar aikinsu ta kai wajen awa 165,000. Mace-macen suka sauka daga kashi 87 cikin 100 zuwa kusan 40, daga baya suka ƙara raguwa.

Masu ba da wannan labari sukan tsaya kan jarumtar ɗaliban, ni kuwa abin da ya fi jan hankalina shi ne ƙanƙantar abin da aka koya musu. Ba a jira sun ƙware ba. An nuna musu saurin matsi da ƙarfinsa, da alamun da za su sa su kira babban likita, aka zaunar da kowa gaban gado ɗaya. A ganina niyyarsu ta yi amfani ne domin an yanka musu aiki daidai iliminsu, kuma akwai manya a kusa.

Duk da haka sun ɗanɗana kuɗarsu. Cutar tana yaɗuwa, rigakafin Salk bai fito ba sai 1955, kuma da yawa daga majinyatan yara ne. Wasu ɗaliban sun ba da labarin cewa da dare akan rage fitilu, sai ɗalibi ya yi ta matsa jaka, can ya gane wanda yake yi wa numfashi ya riga ya cika.

A 1953 Ibsen ya buɗe sashen kulawa ta musamman a asibitin gundumar birnin, wanda da yawa ke ɗauka na farko a duniya.