Darasin Ɗan Saga

Mu a Batagarawa mun tashi mun tarar gandun daji na hukuma ne, gadon dokar Turawa ta 1916. Kayan hukuma kuwa, kowa sara yake ya gudu.

Maƙwabtanmu na Maradi sun sake dabara bayan yunwar 1984. Manoma suka daina tumɓuke kututture a gona, suka koma renon tohonsa. A ƙauyen Ɗan Saga aka kafa kwamitin tsaron itatuwa, har da mata da makiyaya. Icen girki da abincin dabbobi suka samu, baƙi suka riƙa zuwa koyo.

Ni dai a ganina, gawo ba ya tsira sai mai gona ya tabbata nasa ne.