Tun Yaushe Ake Sayar da Magana?

Shekarun baya, kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023, na raka kawuna wurin wani lauya a Omdurman kan rigimar rumfar kasuwa. Lauyan ya saurare mu fiye da awa guda, ya duba takardu, sannan ya faɗa wa Kawu gaskiya: ƙarar ba za ta kai ko'ina ba, gara sulhu. Muna miƙewa magatakardansa ya yanka mana kuɗin shawara. Kawu ya ɓata rai. A hanya ya ce min, "Ɗana, ni ban sa hannu a komai ba. Tun yaushe ake sayar da magana?"

Tambayar Kawu tana da asali. A al'adar da ya taso cikinta, malami ake tambaya, ya ba da fatawa, a yi masa ɗan alheri in da hali. Ba a ciniki. Wakilin da ke tsaya wa mutum gaban alƙali ne fiƙihu ya yarda a yanka masa lada.

Lauya irin na yau da Turawa ya shigo. Bayan yaƙin Karari a 1898, Ingila da Masar suka kafa mulkin haɗin gwiwa a 1899, suka raba kotuna gida biyu. Kotunan shari'a suka riƙe aure da gado da wakafi, sauran ma'amaloli suka koma kotunan gwamnati, inda dokar Ingila ta yi tasiri sosai. Lauyoyin farko galibi baƙi ne, sai a 1936 aka buɗe makarantar koyon aikin shari'a a Khartoum. Daga nan Muhammad Ahmad Mahjub ya fito, wanda ya zama Firayim Minista, da Muhammad Ahmad Abu Rannat, ɗan ƙasa na farko da ya zama alƙalin alƙalai a 1955. Abu Rannat ba baƙo ba ne a wurinmu, shi ya shugabanci kwamitin masana da ya duba tsarin shari'ar Arewacin Nijeriya a 1958.

To, me waɗannan tsare-tsare biyu suka ce kan ƙorafin Kawu? Abin mamaki, bakinsu ɗaya. A dokar Ingila, wanda ya nemi mai sana'a ya yi masa aiki, alhali ya san ba kyauta ake yi ba, zai biya abin da ya dace. Malaman fiƙihu suna kiran wannan ujratul misli, wato ladan da aka saba biya kan irin wannan aikin. Dokar ma'amaloli ta Sudan ta 1984, zamanin Numeiri, ta ɗebo da yawa daga ta Jodan ta 1976, wadda ta fayyace cewa in ba a yanka lada ba, wakilin da aikin ne abincinsa zai karɓi gwargwadon na tsararrakinsa, wanda ba sana'arsa ba kuwa ya yi ne don Allah.

Ke nan rashin sa hannu bai kashe haƙƙin lauya ba, sai dai ya hana shi yanka abin da ya ga dama. In aka je gaban alƙali, shi zai kawo hujjar aikin da ya yi. A Nijeriya ma dokar lauyoyi ta 1975 ta hana lauya kai ƙara kan kuɗinsa sai ya miƙa takardar lissafi, an kuma yi wata guda.

Kawu dai ya biya, bayan an yi masa ragi, ya kuma bi shawarar, aka sulhunta. Amma har ya rasu bai daina cewa an shammace shi ba, kuma ina ganin a nan yana da gaskiya. Lauyan ya san Kawu bai taɓa shiga irin wannan ofis ba, ya kamata ya faɗi farashi kafin a buɗe baki. Kai kuma mai karatu, in ka je wurin lauya, gaisuwa na ƙarewa ka tambaya: zaman nan nawa ne? Allah ya raba mu da rigima.