Clive Caldwell (ya rasu 1994)

Clive Robertson Caldwell shi ne matuƙin jirgin yaƙin Ostareliya da ya fi kowa kakkaɓo jiragen abokan gaba a Yaƙin Duniya na Biyu. An haife shi a Sidni ranar 28 ga Yuli, wasu litattafan na cewa 1910, wasu 1911. Ya shiga rundunar sojan sama a 1940, bayan ya rage shekarunsa a takarda don kada a ce ya tsufa da tuƙa jirgin yaƙi.

Hamadar Libiya da Masar ce ta yi masa suna. A 1941 aka tura shi Runduna ta 250 ta sojan saman Birtaniya, yana tuƙa jirgi ƙirar Tomahawk. Da fari harbinsa ba ya samun abin da ya auna. Sai ya ƙirƙiro dabarar koya wa kansa saiti: ya riƙa harbin inuwar jirgin abokinsa a kan rairayi, ƙurar da harsashi ya tayar ta nuna masa inda ya kuskure. Daga baya sauran rundunonin hamadar suka ɗauki dabarar. Ya kakkaɓo jirgin abokan gaba na farko ranar 26 ga Yuni 1941.

Ranar 4 ga Yuli ya ga Bajamushe ya harbe abokinsa Donald Munro yana saukowa da lema. Daga nan zuciyarsa ta bushe, shi ma ya fara harbin masu saukowa da lema idan ƙasar da za su dira tana hannun mutanensu. An yi masa laƙabi da ma'anar "makashi", laƙabin da bai taɓa so ba. Ranar 29 ga Agusta jiragen Jamus biyu suka rutsa shi shi kaɗai, harsasai sama da 100 suka huda jirginsa, suka raunata shi, amma ya kakkaɓo ɗaya ya koma sansani. Ranar 5 ga Disamba aka lissafa masa jiragen Stuka 5 da ya kakkaɓo a fita guda. A Janairun 1942 aka ba shi shugabancin Runduna ta 112.

Jimillar jiragen da ya kakkaɓo kan zo da lambobi biyu, 27 ko 28 da rabi, kuma ba saɓani ba ne: 27 ya kakkaɓo shi kaɗai, 3 kuma tare da wasu, aka ba shi rabi-rabi.

Bayan ya koma Ostareliya, a 1943 ya jagoranci jiragen Spitfire masu tsare garin Darwin daga Japan. Wani artabu da aka yi ranar 2 ga Mayu ya jawo masa suka, domin jirage da dama sun faɗi saboda ƙarewar mai da lalacewar inji. Nasararsa ta ƙarshe ta zo a watan Agustan wannan shekarar.

A Afrilun 1945, a tsibirin Morotai, yana cikin hafsoshi 8 da suka nemi ajiye aiki, suna cewa ana salwantar da matuƙa a hare-haren da ba su da amfani ga yaƙin. Binciken da aka gudanar ya gano cewa da kyakkyawar niyya suka yi hakan. Sai dai kotun soja ta same shi da laifin cinikin barasa a tsibirin, ta rage masa muƙami a Janairun 1946. Jim kaɗan bayan haka ya bar soja, ya koma fataucin yadi a Sidni, inda ya rasu ranar 5 ga Agusta 1994.