Tsohon moto da aka tayar: me dokar asiransi ta ce?

Jama'a masu saurare, da 'yan uwa da ke ci-rani suna aiko kuɗi gida, akwai tambayar da muke yawan samu. Mutum ya sayi tsohon moto na shiga daji, irin Yamaha DT 125 ɗin nan da ma'aikatan gona da na kiwon lafiya suka gama da su, ya kai wa bakanike ya tayar. To, tunda a rairayi zai riƙa yawo, sai ya yi masa asiransi, wato inshora?

Amsar ita ce e. Nijar tana cikin ƙasashen CIMA, yarjejeniyar inshora da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, dokarta ta soma aiki a 1995. Aya ta 200 ta ce duk abin hawa mai inji da zai yi zirga-zirga a ƙasa dole ya kasance da asiransi na ɓarnar da zai iya yi wa wani. Ba ta ware kwalta daban, hanyar amalanke daban ba. Balle ma wane moto ne ba ya hawa titi? Babbar hanya ta 1 ta ratsa Gidan Rumji, Cadawa, Agiye da Gazawa, kuma ranar kasuwa kowa can ya nufa.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba: wannan asiransi na dole wanda ka buge yake biya, da wanda ka goya, da dukiyar wani da ka lalata. Kai matuƙi ba ka ciki, moton ma haka. In ya ƙone ko aka sace shi, duk kuɗin da ka zuba wajen gyara sun tafi, sai fa in ka sayi ƙarin kariya daban.

Takardar tsohon mai shi kuwa, kada ka dogara da ita. In an sayar da abin hawa, asiransinsa yana tsayawa a ƙarshen kwana na 5 da cinikin. Ka nemi kart giris da shaidar sayarwa, ka duba ko lambar da ke jikin moton ta yi daidai da ta takarda, sannan ka yanki naka. Sai an biya kuɗin kariyar take somawa, babu zancen "zan kawo bayan girbi".

Wurin gyaran ne aka fi yin tuntuɓe. Sau nawa ake ɗora wa tsohon ƙarfe injin da ya fi na asali ƙarfi? In ka yi haka bayan ka yanki asiransi, ko ka mai da moton kabu-kabu, doka ta ba ka kwana 15 ka sanar da kamfani. Wanda ya ɓoye gaskiya da gangan, ana iya soke yarjejeniyar baki ɗaya. Sai kuma gwaji: asiransinka yana rufe ɗanka ko ƙanenka in sun hau, amma bai rufe bakanike ba. Masu sana'ar gyara da sayarwa, doka ta ce su yi nasu. Mu dai a ganinmu, ka tambayi mai gareji wannan kafin ka bar masa makulli, ko da zai ji ba daɗi.

In tsautsayi ya auku, Allah ya kiyaye, a kira jandarma su rubuta abin da ya faru, a sanar da kamfani da wuri. Wa'adin yana rubuce cikin takardarku, kuma doka ba ta yarda ya gaza kwana 5 na aiki ba. Matuƙin da ba shi da lasin tuƙi, kamfani zai biya wanda aka buge, daga baya ya juyo kansa ya nemi kuɗinsa.

Ku da ke waje, in za ku aiko kuɗin piston da taya, ku haɗa da na takardu, ku ce a turo muku hotonsu ta WhatsApp.