Cin nama ko barinsa: Abin da bincike ya gano game da lafiya da tsawon rai

Shekaru da dama masana a Turai da Amurka suna tafka muhawara kan ko barin cin nama yana ƙara wa mutum tsawon rai. A 'yan shekarun nan maganar ta iso Najeriya ta kafofin sada zumunta, inda wasu saƙonni ke cewa nama ne tushen ciwon daji da hawan jini, wasu kuma na cewa babu abincin da ke gina jiki kamarsa. Manyan binciken da aka gudanar sun nuna cewa amsar ta danganta da irin naman, da yawansa, da abin da ke cikin kwanon banda shi, da kuma wanda zai ci. Shawarar da ta dace da ma'aikacin ofis mai ƙiba a Abuja tana iya cutar da yaro ɗan shekara ɗaya a wani ƙauye na kewayen Zonkwa.

Zonkwa, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf a kudancin Jihar Kaduna, wuri ne da ya dace a auna wannan tambaya. Yankin na da dabbobi. Akwai shanun Fulani, ga gandun kiwo na Kachia da ke Ladduga, ga awaki da kaji a gidaje, ga kuma kasuwar aladu ta Katsit kusa da Kafanchan, wadda ke ci ranar Alhamis kuma fatake daga kudancin ƙasar nan ke zuwa sayen kaya. Duk da haka abincin yau da kullum na yawancin gidajen manoma tsiro ne: tuwon masara ko na dawa ko na acca, faten tsaki da rama ko yakuwa, wake, gyaɗa, gwaza, doya, miyar karkashi da daddawa. Nama kan yawaita ne lokacin Kirsimeti, da Babbar Sallah, da bukukuwan aure, da kuma bukukuwan gargajiya irin na Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu. Alƙaluman Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa naman da ɗan Najeriya ke samu a shekara, idan aka raba daidai, bai kai kilo 10 ba, alhali na Ba'amurke ya haura kilo 100. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan tazara a ransa, domin kusan duk binciken da za a ambata a ƙasa an yi su ne a ƙasashen da nama ya yi yawa.

Abin da aka gano a tsakanin masu barin nama

Binciken da aka fi kafa hujja da shi na Jami'ar Loma Linda ne da ke Kalifoniya, wanda ya bi diddigin mabiya majami'ar Adventist, wato masu ibada ranar Asabar. Majami'ar tana kwaɗaitar da mabiyanta barin nama, kuma ba baƙuwa ba ce a arewacin Najeriya, don tana da asibiti a Jengre ta Jihar Filato. A rahoton da aka wallafa a 2013, an bi mutum 73,308 na kusan shekara shida, aka ga cewa mace-mace a tsakanin waɗanda ba sa cin nama sun yi ƙasa da kashi 12 cikin 100 idan aka kwatanta da masu ci. Abin lura shi ne, rukunin da ya fi kowa cin riba shi ne na waɗanda suka bar nama amma suna cin kifi, inda ragin ya kai kashi 19 cikin 100.

A Birtaniya sakamakon ya sha bamban. Masana na Jami'ar Oxford sun haɗa bayanan mutum sama da 60,000, kuma a 2016 suka bayyana cewa ba su ga wani bambanci na a zo a gani ba a yawan mace-mace tsakanin masu cin nama da masu barinsa. Wani babban bincike a Ostireliya da ya shafi mutum fiye da 240,000 ya kai ga irin wannan matsaya a 2017. A 2019 masanan na Oxford sun sake fitar da rahoto kan mutum 48,188 da aka bi na tsawon shekara 18: masu barin nama sun samu ragin kashi 22 cikin 100 na ciwon toshewar jijiyoyin zuciya, amma shanyewar ɓarin jiki ta ƙaru musu da kashi 20 cikin 100. Idan aka mayar da shi lissafin kai, a cikin mutum 1,000 cikin shekara goma an samu ragin masu ciwon zuciya goma da ƙarin masu shanyewar jiki uku. Shekara guda bayan haka suka ba da rahoton cewa waɗanda suka ƙaurace wa duk abin da ya fito daga dabba, har da madara da ƙwai, sun fi saurin karaya.

Me ya sa sakamakon Amurka da na Birtaniya suka saɓa? Babbar matsalar irin wannan bincike ita ce ba a iya tsare dubban mutane shekara ashirin ana ba su abinci iri ɗaya. Tambayarsu ake yi abin da suke ci, sannan a jira a ga abin da zai same su. Wanda ya zaɓi barin nama a ƙasar da nama ke da arha galibi mutum ne mai kula da kansa: ba ya shan taba, ba ya yawan shan giya, yana motsa jiki, ba shi da ƙiba. Masana na ƙoƙarin cire tasirin waɗannan halaye a lissafi, amma ba su cika fita duka ba. Akwai kuma batun abin da ya maye gurbin naman. Wanda ya bar nama ya koma wake, gyaɗa da ganye daban yake da wanda ya bar nama ya koma farin burodi, lemon kwalba da taliyar leda, ko da yake a takardar bincike sunansu ɗaya.

Jan nama da naman da aka sarrafa

Inda hujja ta fi ƙarfi shi ne kan yawan cin jan nama, musamman wanda aka sarrafa. A watan Oktoba na 2015, Cibiyar Binciken Ciwon Daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Liyon a Faransa ta tara masana 22 daga ƙasashe goma, suka duba bincike sama da 800. Sun sanya naman da aka sarrafa a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji, jan nama kuma a rukunin waɗanda ake kyautata zaton suna haddasawa. Jan nama a ma'anarsu ya haɗa da na shanu, tumaki, awaki da aladu. Naman da aka sarrafa kuwa shi ne wanda aka adana da gishiri, hayaƙi ko sinadarai, kamar tsiran alade na kanti, naman gwangwani da busasshen nama. Bisa wannan ma'ana kilishi ma ya shiga sahu.

Sun ƙiyasta cewa cin giram 50 na naman da aka sarrafa kowace rana yana ƙara haɗarin sankarar hanji da kashi 18 cikin 100. An yi ta fassara wannan adadi ba daidai ba. Ƙari ne a kan haɗarin da mutum yake da shi tun asali, wato idan a cikin mutum 100 biyar ne za su kamu da cutar a tsawon rayuwarsu, adadin zai koma kusan shida. Kasancewar nama a rukuni ɗaya da taba kuma yana nufin an tabbatar da alaƙar ne kawai, ba ya nufin ɓarnarsu ɗaya ce. Cibiyar da kanta ta ambaci ƙiyasin cewa naman da aka sarrafa na da hannu a mutuwar mutum kusan 34,000 a shekara ta hanyar ciwon daji a duniya, taba kuwa kusan miliyan ɗaya.

Yadda ake dafa nama shi ma yana da tasiri. Gasa shi kai tsaye a kan wuta har ya ƙone yana haifar da sinadaran da aka nuna suna lalata ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaji. Wannan ya shafi tsire da balangu, musamman baƙin gefen da ya babbake. Mai cin tsire sau ɗaya a mako ba shi ne abin damuwa ba. Maganar ta fi shafar mazauna birane da suka mayar da teburin mai nama wurin cin abincin dare kullum, ga gishiri da dunƙulen ɗanɗano a cikin yaji, a ƙasar da ake ƙiyasta kusan ɗaya cikin manya uku na da hawan jini. Asusun Binciken Ciwon Daji na Duniya ya ba da shawarar kada dafaffen jan nama ya wuce giram 350 zuwa 500 a mako. A 2019 wata tawagar masana ta soki irin wannan shawara tana cewa hujjar ba ta da ƙarfi, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce, amma manyan hukumomin lafiya ba su janye matsayinsu ba.

Inda matsalar rashi ce

Ga yawancin gidajen karkara a kudancin Kaduna da sauran arewa, giram 500 a mako adadi ne da ba a kaiwa sai da Sallah ko Kirsimeti. Binciken Al'umma da Lafiya na Ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a shiyyar arewa maso yamma kuma abin ya haura rabi. Kashi 68 cikin 100 na ƙananan yara da kashi 58 cikin 100 na mata masu shekarun haihuwa na fama da ƙarancin jini. Zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki da cutar sikila duk suna da hannu a ciki, amma ƙarancin sinadarin ƙarfe a abinci na daga cikin manyan dalilai.

A nan ne darajar abincin dabba take. Jiki ya fi iya tsotse sinadarin ƙarfen da ke cikin nama, hanta da kifi fiye da na hatsi da ganye. Bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ke buƙata, ba a samunsa ta hanyar da za a dogara da ita sai daga nama, kifi, ƙwai da madara. Hantar babban mutum na iya ajiye shi na shekaru, shi ya sa ƙarancinsa ke daɗewa bai bayyana ba, amma jaririn da ke shan nonon uwar da ba ta da shi ba ya da wannan ajiya. Masu barin nama a Turai suna cike giɓin ne da ƙwayoyin magani da abincin da aka ƙara wa bitamin, abin da matar manomi a ƙauye ba ta da shi a kusa. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2023, ta ce yara 'yan wata shida zuwa 23 su riƙa samun nama, kifi ko ƙwai kowace rana. Cikin yaro ƙarami ne, kunun masara zalla kan cika shi ba tare da ya ba shi abin da yake buƙata ba.

Ko a nan ma sakamakon gwaji bai zo iri ɗaya ba. A ƙasar Ekwado an ba jarirai ƙwai ɗaya a rana na wata shida, aka ga tsumburewa ta ragu da kusan rabi. Da aka maimaita gwajin a Malawi, tsawon yaran bai canza ba, kuma masu binciken sun lura cewa yaran wurin dama suna samun kifi. Amfanin ƙarin ya fi fitowa ne a wurin da babu komai tun farko.

Wannan ba ya rage darajar cimakar gargajiya ta yankin. Acca na ɗauke da wasu sinadaran gina jiki da suka yi ƙaranci a wake, wake kuma na da wanda hatsi ba su da shi sosai, don haka haɗa su a rana ɗaya na cike wa juna giɓi. Gyaɗa, riɗi, daddawa da awarar waken suya duk suna gina jiki, kuma sun fi nama sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Cin lemo, gwaiba ko tumatir tare da abinci na taimaka wa jiki ya tsotse ƙarfen da ke cikin ganye da wake, shan shayi a kan abinci kuma na rage shi. Babban mutum mai lafiya zai iya rayuwa lafiya lau a kan irin wannan abinci idan yana ɗan samun ƙwai, nono ko busasshen kifi a miya. Abin takaicin shi ne al'adar rabon abinci a gidaje da yawa, inda tsokar da ke cikin miya ta maigida ce, yaro da mai ciki, waɗanda suka fi kowa buƙata, su tashi da romo.

Akwai kuma haɗarin da binciken Turai bai cika damuwa da shi ba, wato tsaftar naman kansa. A watan Yulin 2023 gwamnatin tarayya ta tabbatar da ɓullar cutar antaraks a wata gona da ke Suleja a Jihar Neja, bayan ta gargaɗi jama'a kan cin ganda da naman daji. Naman shanu ko na alade da bai dahu sosai ba na sa tsutsar ciki mai faɗi. Ƙwan tsutsar alade, idan ya shiga ruwa ko abinci ta hanyar bahayar mutum, yana iya kaiwa ƙwaƙwalwa, har ga wanda bai taɓa cin naman ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ke haddasa kusan kashi 30 cikin 100 na farfaɗiya a wuraren da tsutsar ta yi katutu. Ɓeraye na yaɗa zazzaɓin Lassa, madarar da ba a tafasa ba na ɗauke da tarin fuka na shanu da cutar bakkale, gandar da aka babbake da tayar mota kuma na kwasar guba daga hayaƙin. Sayen nama daga mayankar da jami'an dabbobi ke dubawa, da ƙin cin dabbar da ta mutu da kanta, da dafa nama har cikinsa ya daina ja, su ne matakan da ke kare iyali daga yawancin waɗannan cututtuka.