Jirgin Ejigbo Da Matan Da Ya Bari A Jaji

'Yan uwana mata, duk wadda ta taɓa bin hanyar Zariya zuwa Kaduna ta wuce ta Jaji, ko da kuwa barci take yi a mota. Abin da ake hangowa daga titi bai wuce ƙofar bariki da sojoji a tsaye ba, amma can ciki akwai makarantar da hafsoshin ƙasar nan suke zuwa ƙaro ilmi, wadda aka buɗe tun 1976. Hafsa in ya kai muƙamin Manjo, ko kwatankwacinsa a sojan ruwa da na sama, sai a turo shi nan ya yi kwas na kusan shekara guda, in ya ci, to hanyar zama Kanar har Janar ta buɗe masa. Da yake kwas ɗin da tsawo, wasu da matansu da 'ya'yansu suke tarewa.

A watan Satumba na 1992 aka kwashi 'yan wannan kwas aka kai su Legas ziyarar karatu wajen sojojin ruwa, don a Jaji babu teku balle jirgin ruwa. Ba yaƙi suka tafi ba, karatu ne, irin tafiyar da maigida zai ce miki kwana kaɗan zan yi, me kike so in taho miki da shi. Ranar Asabar 26 ga wata da yamma suka hau jirgin sojan sama za su dawo Kaduna. Jirgin shi ne ake kira Hercules C-130, ƙirar Amurka, mai inji huɗu, irin wanda a lokacin yake jigilar sojojinmu da kayansu zuwa Laberiya. Ba jirgin fasinja ba ne mai kujeru jere da 'yammata masu raba lemo, na ɗaukar kaya da mayaƙa ne, kuma ƙa'idar irinsa soja 92. Ranar mutum sama da 150 ne a cikinsa.

Tashinsa ke da wuya inji ɗaya ya mutu, wani ya biyo baya, har uku suka tsaya. Kamar minti uku da barin ƙasa ya faɗa cikin wata fadama mai laka a unguwar Ejigbo. Minti uku fa, 'yar uwa. Ko ruwan shayi kika ɗora a risho bai isa ya tafasa ba. Babu wanda ya fita da rai. A cikinsu har da baƙi 'yan Ghana da Tanzaniya da Zimbabuwe da Yuganda da suka zo kwas ɗin, Allah Ya ƙaddara a lakar Legas kwanansu zai ƙare. Wurin kuwa mota ba ta shiga, sai da aka ɗauki kwanaki ana fama kafin a gama fito da gawarwaki.

Ni lokacin ban yi wayo ba, a bakin manya na tsinci labarin. Innata takan ce ranar da Rediyon Kaduna ya faɗa, matan gidanmu barin daka suka yi suka kewaye akwatin rediyo ana ta salati, alhali babu mai ɗan uwa soja a cikinsu. To in haka ne a gidan da abin bai shafa ba, ina ga Jaji? Ki tuna babu wayar hannu a hannun jama'a a zamanin, sai daga 2001 ta yaɗu. Mace ta yi kitso ta yi lalle, ta yi girkin tarbar maigida, yara an yi musu wanka. Magariba ta yi, isha ta wuce, abinci ya huce a kwano. Ta leƙa gidan maƙwabciya, ita ma nata bai dawo ba, ta gaba ma haka. Mutuwar da muka saba gida ɗaya take shiga, maƙwabta su taru su riƙe mai gidan. Wannan kuwa layi guda ta bi, wa zai ba wa haƙuri?

Ƙasa ta yi makoki, wannan ba a musu. Janar Ibrahim Babangida ne a kan mulki, saura kwana biyar a yi bikin cikar Nijeriya shekara 32 da samun 'yancin kai, sai ga shi bikin ya tarar da mutane cikin zaman ta'aziyya. Aka yi jana'izar girmamawa irin ta soja a Abuja, wadda ko shekara ba ta cika da zama babban birni ba. Jita-jita kuma ta cika gari, don shekara biyu kacal da yunƙurin juyin mulkin Manjo Gideon Orkar na Afrilun 1990, mutane ba su yarda da komai ba. Ni dai ba na ɗaukar zancen da ba shi da shaida, kuma ko me aka ce a majalisar maza, bai dawo wa kowace mace da mijinta ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne bayan an naɗe tabarmi. Makokin ƙasa kwanaki ne, a sassauto da tuta, rediyo ya sa karatu da taken jimami, manya su sa hannu a littafin ta'aziyya, daga nan kowa ya koma ofis. Ita kuwa musulmar cikinsu sai ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, mai ciki sai ta haihu, kirista ma ta yi nata zaman bisa al'adar dangin miji. Kuma duk wannan somin taɓi ne. Manjo ai ba tsoho ba ne, yawanci 'yan talatin da wani abu ne zuwa arba'in, matansu kuwa wasu ko talatin ba su kai ba, ga goyo ga na firamare. A shekarun ne namiji yake cewa bari in samu ƙarin girma sannan in sayi fili. Wato da yawa ba su kai ga gina ko ɗaki ɗaya ba.

Gidan bariki kuma ba gado ba ne, na hukuma ne. Ran da mai kaki ya faɗi an fara ƙirga wa iyalinsa kwanaki, ko an ɗaga ƙafa dole wata rana a ba da mukulli, don wani hafsan yana jira. Sai ina? Gidan iyaye, inda aka fitar da ke da guɗa, yanzu ki koma da 'ya'ya huɗu, a zamanin da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya sa kwanon shinkafa ya gagari mai albashi ma.

Sannan ga maganar takarda, wadda na ga mata da yawa ba su san da ita ba har yau. Duk wanda ya shiga aikin soja, kai ko aikin gwamnati ma, akwai inda yake rubuta sunan wanda za a nema in ta Allah ta kasance. Yaro ya shiga aiki yana saurayi, sai ya rubuta sunan mahaifinsa ko wansa, ya yi aure ya haihu bai koma ya gyara ba. Ranar da za a biya haƙƙi, ofis ba ya tambayar wa ta yi takaba, fayil yake buɗewa. In an dace da dangin miji masu tsoron Allah, shi ke nan, a raba yadda shari'a ta ce. In ba a dace ba, wallahi sai mace ta ga kuɗin marayunta ya zama sabuwar mota a ƙofar wani. Mu kuma kunya ta hana mu tambaya, wai kada a ce muna yi wa miji fatan mutuwa.

An yi wa matan Ejigbo alkawura, har da na gidaje da karatun yara. Wasu sun samu. Amma shekara ashirin bayan haɗarin jaridu suna ta ɗauko kukan waɗanda suke yawon ofis-ofis da takardu a jaka, sun shiga suna 'yan mata-mata sun fito da furfura.

Kuma abin bai tsaya a kansu ba. A Satumbar 2006 wani ƙaramin jirgin soja ya faɗi a jihar Binuwai da Janar-Janar a ciki, za su taro Obudu, Shugaba Obasanjo ya sa aka yi makokin kwana uku. Ranar 15 ga Disambar 2012 jirgi mai saukar ungulu na sojan ruwa ya faɗi a Bayelsa da gwamnan Kaduna Patrick Yakowa da Janar Andrew Azazi. Ranar 21 ga Mayun 2021 kuma babban hafsan sojan ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, ya rasu da mutum goma a kusa da filin jirgin Kaduna. Sunayen manyan kowa ya riƙe su. Matuƙan jirgin da dogarawan da suka mutu tare da su fa? Su ma da zobe a hannun wata, wani ma amaryarsa ko lallen biki bai gama fita ba.

Jaririn da aka haifa cikin takabar Ejigbo yanzu ya haura shekara talatin, ya kusa kai shekarun da ubansa ya bar duniya. Abin da ya sani na uban bai wuce hoto da kaki a bangon ɗakin uwarsa ba, da abin da ita ta ga dama ta faɗa masa ranar da zuciyarta ta yi sanyi.