Magaji Ɗan Yamusa: Mai Riƙe da Bakin Iyakar Zazzau

Kowa a garin nan ya san Dutsen Maloni, amma in ka tare yaranmu na yanzu ka tambaye su wane ne ya kashe Baturen da aka sa wa dutsen sunansa, kuma a kan me, da yawansu sai su yi ta sosa ƙeya. Shi ya sa muka ga ya dace a wannan fitowa mu ɗan waiwayi labarin Magaji Ɗan Yamusa.

Da farko sai mu san irin garin da ya tashi a ciki. Wajen 1800 ne Abdu Zanga, Bafillace daga ƙasar Katsina, ya sauka nan da shanunsa ya yi kafi, daga nan sunan garin ya samo asali. Bayan jihadi sai Keffi ta zama a ƙarƙashin Zazzau, kowace shekara ana aika gaisuwa Zariya. To, amma Zariya na da nisa, tafiyar kwanaki ce a kan doki. Ga Habe na Abuja, wato Suleja ta yau, suna tare hanyar fatake ta yamma. Ga Mada da Eggon a kan duwatsunsu ta gabas, ba su taɓa miƙa wuya ba. Gari irin wannan ba ya zama sai da mai takobi, kuma mai takobin da ke nesa da ubangidansa, a hankali shi ma ubangida yake zama.

Haka ta faru da Ɗan Yamusa. A suna shi wakilin Sarkin Zazzau ne a Keffi, ga kuma Sarkin Keffi a fadarsa. Amma dawakai da bindigogi da samarin yaƙi suna ƙofar Magaji. Wani ɗanmu da ya karanta tarihi ya ce mana su ma Turawan Ingila sun yi irin wannan. Bayan 1066 sarakunansu sun zuba manyan mayaƙa a iyakarsu da ƙasar Wales, aka sakar musu mara su gina ganuwa su yi yaƙi yadda suka ga dama, har ɗaya daga cikin zuriyarsu, Roja Motima, ya sa hannu aka tuɓe Sarkin Ingila a 1327. Ashe abin ba a kanmu farau ba.

Akwai maganar da ba mu cika son yi ba, amma tilas a faɗe ta. Ƙarfin Magaji daga hari ya zo. Gaisuwar da ake kaiwa Zariya har da bayi a cikinta, kuma bayin nan ba daga sama suka faɗo ba, daga ƙauyukan da ke kewaye da mu aka kamo su. Jikokin waɗancan mutane su ne yau muke sayen doya da riɗi a hannunsu, su ne ke karɓar kayanmu bashi su biya in kaka ta yi. Mu in an ambaci Ɗan Yamusa jarumi muke tunawa. Su kuwa kakanninsu wani labari suka bar musu, kuma ba ƙarya suka yi ba. Duk ɗan kasuwar da ya zauna rumfa ɗaya da su ya san haka, ko bai faɗa ba.

A 1902 Turawa suka kama Sarkin Zazzau Kwasau, suka kuma aiko Kyaftin Maloni a matsayin Razdan, ya zo Keffi yana neman Magaji ya daina hari ya bi umurninsu. Maloni gurgu ne, ya sami rauni a wani yaƙi tun da, ɗaukarsa ake yi. Ranar 3 ga Oktoba, 1902, ya zauna a ƙofar fada ya aika a kira Magaji. Manya sun ce tafintansa, Audu Timtim, shi ya haɗa husumar, yana juya magana tsakaninsu, har Magaji ya tabbata kama shi za a yi. Sai ya fito a kan doki, ya kashe Baturen nan take, ya fice daga gari da jama'arsa. Sojojin Turawa kuwa suka huce a kan garin da ya bari.

Bai tsaya ba sai Kano. Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa, ya ƙi miƙa shi, kuma wannan na cikin hujjojin da Gwamna Lugga ya kafa ya tura yaƙi. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu, 1903, Sakkwato ta bi baya a watan Maris. Ka ga abin da aka fara a ƙofar fadar garin nan, inda muke wucewa da kayanmu kullum, sai da ya taɓa daular Shehu gaba ɗaya.

Magaji ya bi Sarkin Musulmi Attahiru a hijirarsa zuwa gabas. A Burmi, cikin ƙasar Gwambe, Turawa suka cim musu ranar 27 ga Yuli, 1903, aka gwabza tun hantsi har yamma. A nan Attahiru ya yi shahada, a nan Ɗan Yamusa ya kwanta tare da shi, wata tara da 'yan kwanaki bayan fitarsa daga Keffi. Allah Ya jiƙan musulmi, Ya gafarta mana baki ɗaya.